Goshin 'Yata ta Fari

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata ranar Laraba, Malamar ta fara shigowa gidanmu a unguwar Lamisula, cikin Maiduguri. Na riƙe lokacin ne don ta ce ƙarfe huɗu za ta zo, ni kuma ba na son makara. Mu huɗu ta tarar a tsakar gida: ni, da mahaifiyata wadda muke kira Inna, da matata, da 'yarmu ta fari mai shekara shida, tana zaune jikin bango tana juya murfin kwano. A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin aka yi wannan.

Sai na fara faɗin abin da ya kawo ta. 'Yar tawa ba ta magana. Tana ji, tana ci, tana tafiya, amma kalma ba ta fita daga bakinta. Tun tana shekara uku ta kama buga goshinta da bango, gefen hagu, bugu mai ƙarfi wanda ake ji daga zaure. Mun yi rubutu, mun yi tofi, mun yi hayaƙi. Matata ta ɗinka mata hula mai auduga a ciki, ta cire ta jefar. Na yi tsawa har muryata ta dushe. Da idon hagu ya fara ja yana ruwa, na kai ta asibiti. Likitan ido ya duba, ya ce mini bugun ya soma taɓa cikin idon, in ba ta daina ba idon zai tafi, kuma ba shi da maganin da zai hana yaro buga kansa. Shi ne ya ce akwai wata malama a jami'a, ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, tana bincike a kan yaran da ke ji wa kansu ciwo, tana bin su har gida. Ya tambaye ni ko na yarda ta zo. Na ce na yarda.

Mu Fulani ne. Bayan farin da ya cinye mana shanu, mahaifina ya sayar da ragowar ya zauna a gari, ni kuma na tashi a kasuwar shanu ina dillanci. Karatuna na boko aji bakwai ne na firamare. Mun bar daji amma ba mu bar kunya ba. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa, balle a gaban iyayensa. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". In na shigo gida sai in wuce ta kamar ban gan ta ba. Haka aka yi mini, haka na tashi na ga ana yi, kuma ban taɓa ganin laifin haka ba.

Malamar ta yi sallama, ta ƙara da "wushe, wushe", gaisuwar Barebari. Inna na jin haka ta ajiye ƙoshiyar da ke hannunta.

"Af! Ashe Babarbariya aka turo mana? Yau mun ga ta kanmu. Baiwa ce za ta yi wa uwargijiyarta magani?"

Malama ta yi dariya, ta ce da Hausarta mai karin Barebari, "Inna, ku da kuka rasa shanu kuka zo cin arzikin garinmu? Kawo mini tabarma, kada ki tsaya surutu."

"Ki zauna a ƙasa, can ne wurinku."

Ta kuwa zauna a ƙasa. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari shi ya buɗe mata gidanmu. Da wata ce ta faɗa wa Inna rabin abin da Malama ta faɗa mata daga baya, da ba ta sake taka ƙofarmu ba.

Ran nan ba ta yi komai ba. Awa guda ta yi tana kallo. Ba ta taɓa yarinyar ba, ba ta kira ta ba. Inna ta ce, "Maganin ke nan? Zama? Ai ni ma na iya." Da za ta tafi sai ta ciro littafin rubutu irin na 'yan makaranta da rula, ta ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. Ta ce mini, "Malam, duk lokacin da ta buga kanta, ka rubuta ƙarfe nawa ne. A gidan farko ka rubuta abin da ake yi kafin ta buga. A na biyu, sau nawa ta buga. A na uku, abin da mutanen gida suka yi bayan ta buga. Sati biyu. Kada ku canza komai, ku yi yadda kuka saba."

Na ce ai ni da safe ina kasuwa, matata kuma ba ta rubutun boko. Ta ce a ajiye kwano, duk bugu ɗaya matata ta jefa tsakuwa ɗaya, in na dawo in ƙirga in rubuta. Ta kuma gaya mini cewa abin da ta samu a gidanmu za ta haɗa da na wasu gidaje ta rubuta, ba tare da sunan kowa ba. Na ce ba damuwa.

Aikin ya dace da ni. Ina son abu a jere. Na sayi fensir biyu, na ɗaura ɗaya a jikin littafin da zare. Ban tsallake rana ko ɗaya ba. Amma ina rubutawa ne kawai, ban taɓa komawa baya na karanta ba, don ba a ce in karanta ba.

Ranar da sati biyu suka cika, Malama ta dawo, ta buɗe littafin ta daɗe tana dubawa. Sannan ta miƙo mini, ta ce in fara karanta lissafin tsakuwar safe. Biyu, uku, ɗaya, wata rana ma babu. Ta ce in karanta na yamma. Sha biyar, ashirin, sha takwas. Duk tsakanin la'asar da magariba ne, lokacin da nake gida. Ranar Juma'a, da ba na fita kasuwa da safe, bugun tun hantsi yake farawa.

Na ce, "To ni ne ba ta so. Sai in riƙa zama a kasuwa har ta yi barci."

Ta ce, "Kada ka yi sauri. Karanta gidan farko."

Na karanta. Na shigo na wuce ta na gaida Inna. Ina alwala. Ina cin abinci na ba ta baya. Ina magana da matata.

"Yanzu na uku."

Na ɗauke ta. Na riƙe kanta. Na ɗauke ta na ce ta bari. Na ɗauke ta na ɗora a cinya. Shafi bayan shafi, da rubutun hannuna, abu ɗaya ne.

Ta ce, "A sati biyun nan, sau nawa ka taɓa ta ba tare da ta buga kanta ba?"

Inna ce ta amsa. "Ta fari ce. Ya zai taɓa ta? Shi ma ɗana ne na fari, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ga shi nan, ya mutu?"

Malama ta ce, "Shi yana da baki, Inna. In yana son abu zai faɗa. Ita ba ta da shi. Hanya ɗaya ta gano wadda ke kawo mata ubanta, kuma kullum hanyar tana aiki."

Matata ta tashi ta shiga ɗakin girki, na ji tana jan hanci.

Abin da ya sa na ƙara yarda da Malamar shi ne abin da ta faɗa bayan wannan. Ta ce har yanzu zato ne, ba ta tabbata ba, kuma ba ta gina magani a kan zato. Ta ce ta ga yaron da ke buga kai don a daina sa shi aiki, ta ga wanda ke yi don a ba shi abinci, kowanne da nasa dalili, in an yi wa wannan maganin wancan sai abin ya ƙaru. Sai mun gwada. Gwajin kuwa haka ne. Ta tsaya a bayan yarinyar da matashin kai a hannu don kada goshin ya taɓa bango. Minti goma na zauna kusa da ita, hannuna a kafaɗarta, ina yi mata magana. An tura Inna maƙwabta kafin a fara, don ba zan iya a gabanta ba. Ban ma san abin da zan ce ba, sai na kama ba ta labarin farashin shanu. Ba ta buga ba ko sau ɗaya. Sannan na matsa gefe na juya baya. Kafin minti ɗaya ta kai goshinta ga matashin. Kwana uku muna maimaita wannan, wata rana a fara da zama kusa, wata rana a fara da juya baya. Amsa ba ta canza ba.

Daga nan ta ba ni dokoki uku, na rubuta su a bangon littafin. Ta farko: daga shigowata gida, duk minti biyar in je wurinta, in dube ta, in taɓa ta, in yi mata magana, ko da ba ta yi komai ba. Ta biyu: a koya mata jan hannun rigata, kuma duk lokacin da ta ja in juyo nan take, ko me nake yi, ban da salla. Ta uku: in ta buga kanta, in sa matashi tsakaninta da bango, ba kallo, ba magana, ba ɗauka. Ta ce mu jingina tsohuwar katifa a bangon da ta saba. Ta kuma gargaɗe ni cewa abin zai ƙaru kafin ya ragu, don yarinyar za ta ga hanyarta ta daina aiki, za ta ƙara ƙarfi.

Ta uku ce na ɗauka za ta fi wuya. Ashe ta farko ce. Ba za a riƙa tura Inna maƙwabta kullum ba, gidanta ne. Ranar farko na shigo ƙarfe huɗu da rabi, na tsaya a tsakar gida da agogo a hannu, Inna na zaune tana tsintar wake tana fuskantarmu. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce, na kasa ɗaga ƙafa. Mutum mai shekara talatin da shida, mai tsawata wa direbobin tirela a kasuwa. Sai Inna ta tashi, ta ja tabarmarta, ta juya ta, ta zauna tana fuskantar ɗakin girki, ta ba mu baya.

Ta ce, kamar da waken take magana, "Rana ce ke dukan idona ta can. Ni dai ba na ganin komai a bayana."

Na je na durƙusa gaban yarinyar, na dafa kanta. Ta ɗago ta dube ni da idon nan mai ja. Na ce mata, "Na dawo." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Daga ranar haka Inna take zama da yamma. Wani lokaci in na shagala sai in ji ta, ba ta waiwayo ba, tana cewa, "Kai, agogon naka ya tsaya ne?"

Abin ya ƙaru kamar yadda Malama ta faɗa. Kwana na uku ya fi kowanne muni. Ina riƙe da matashi, fuskata a gefe, ina jin kanta na dukan hannuna ta cikin audugar, tana kuka tana neman idona. A kwana na huɗu ta kauce wa katifar ta samu gefen ƙofa, goshin ya fashe. Na jefar da matashin na ɗauke ta na rungume. Da dare ya yi kusa na rubuta a gida na uku: na karya doka, na ɗauke ta. Na so in bar wurin babu komai, amma ban saba rubuta ƙarya ba.

Da Malama ta zo ta karanta, na jira faɗa. Ta ce, "Da ba ka rubuta ba, da na ga lissafin gobe ya hau ban san dalili ba. In jini ya fita a wanke a sa magani, wannan dole ne. Amma uwarta ta yi, a natse, ba rarrashi. Kai kuma ka ci gaba daga inda ka tsaya." Ta sa aka naɗe gefen ƙofar da tsohon bargo. Inna ta ce, "Kin mayar mini da gida shagon mai katifa." Malama ta ce, "Ai ya fi bukkar da kuka baro."

Koyar da jan hannun riga matata ce ta yi yawancinsa. Takan zauna a bayan yarinyar, ta kama hannunta, ta kai shi ga hannun rigata, ta ja, ni kuma in juyo in ce, "Na'am, ga ni." Sau goma, sau ashirin a yamma ɗaya. Daga baya ta riƙa kama gwiwar hannun kawai, daga baya ta riƙa taɓawa kaɗan. A sati na uku, ranar Litinin, ƙarfe biyar da minti goma, ina gyara igiyar guga, na ji an ja ni. Na waiwaya ina tsammanin matata na bayanta. Matata tana can bakin murhu. Na ce, "Na'am, ga ni." Ta saki, ta koma ga murfin kwanonta. Bayan ɗan lokaci ta dawo ta sake ja. Ran nan sau talatin da ɗaya ta ja ni, na rubuta, kuma igiyar gugan ba ta gyaru ba sai washegari.

Lissafin bugu ya soma sauka. Ba a jere ya sauka ba, abin da ya dame ni ke nan. Yau shida, gobe tara, jibi huɗu. Malama ta zana mini shi a takarda, ta ce kada in dubi rana ɗaya, in dubi sati. Ta ce minti biyar su zama goma, daga baya sha biyar.

Akwai rana ɗaya da nake so in rubuta dalla-dalla. A wata na biyu ne. Wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, ya zo da mutum biyu a kan maganar wasu bijimai da za a loda zuwa kudu. Baffa nake kiransa. Muna zaune a zaure, ya kai tsakiyar magana, sai ga yarinyar ta fito daga cikin gida, abin da ba ta saba yi ba. Ta zo ta tsaya a gefena, ta kama hannun rigata, ta ja.

Bangon zaure siminti ne, babu katifa a jikinsa. Taku biyu ne tsakaninta da shi. Na san in na yi kamar ban ji ba, yadda kowane ɗan gidan mutunci zai yi a gaban aminin ubansa, za ta ja sau ɗaya ko biyu, sannan ta koma ga abin da ta sani. Na kuma san Baffa shi ya riƙe ni ranar da aka binne mahaifina.

Na katse shi. Na juya, na kama fuskarta da hannu biyu, na ce, "Na'am, ga ni." Na ɗora ta a cinyata.

Baffa ya ce, "Wannan ba ita ce ta farin ba?"

Na ce, "Ita ce, Baffa."

"A gabana?"

"Ka yi haƙuri, Baffa. Idonta ake ceto."

Ya dubi tabon da ke goshinta, ya dube ni. Ya ce, "Zaman gari ya gama da ku." Sannan ya ci gaba da maganar bijimai, amma bai sake kallon wajena ba har suka tashi. Ya yi wata uku bai zo gidan ba. A kasuwa an yi ta yi mini dariya, ana cewa na zama mai reno. Da Baffa ya sake zuwa, ya zo da dabino a leda, ya ajiye a bakin ƙofa ya ce a ba yara. Yaro ɗaya ne a gidan a lokacin.

A wata na biyar muka yi kwana goma sha ɗaya a jere babu bugu. A watan ne Malama ta zo ta ce ta samu tafiya ƙaro karatu, za ta daɗe. Ta kwafe lissafin cikin nata littafin, ta bar mini nawa, ta ce in abin ya dawo kada in firgita, in koma gida uku ɗin nan in ga me ya canza. Inna ta ba ta man shanu a kwalba, ta ce, "Karɓi, ki je ki nuna musu a can cewa kina da iyayengiji." Malama ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa, wannan karon ba ta rama ba.

Sati shida bayan tafiyarta ranar komawa wurin likitan ido ta zo. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce ɓarnar ta tsaya inda take. Idon ya rage ƙarfi kaɗan, amma yana gani, kuma zai ci gaba da gani. Na tambaye shi yadda zan aika wa Malama. Ya ce ba shi da adireshinta. Na je jami'a sau biyu, na farko aka ce ba ta dawo ba, na biyu aka ce ta koma wani gari da aiki, wanda na tambaya bai san wanne ba.

Bugun ya dawo sau biyu a shekarun baya, lokacin da aka haifi ƙaninta da lokacin da Inna ta rasu. Duka biyun na ɗauko littafi na ja layi, duka biyun ya wuce cikin 'yan makonni. 'Yata yanzu babbar mace ce, tana tare da mu. Kalmominta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ita ke zura wa uwarta zare a allura, don idon uwar ya gaza.

Ban rubuta sunan Malamar ba don ban nemi izininta ba. Mutuniyar Yerwa ce, gajeriya, tana sa tabarau mai kauri, tana rubutu da hannun hagu. In tana raye ta tsufa yanzu. Kai mai karanta wannan, in ka san wata mai wannan kama da ta taɓa bin gidajen Maiduguri tana sa iyaye rubuta abin da ya faru kafin bugu da bayansa, ina roƙonka ka je ka same ta, ko ka samu 'ya'yanta. Ka ce mata Bafulatanin Lamisula ya ce likita ya duba, idon yana nan, yana gani.